Garwa a Cikin Ginshiƙi

A layinmu da ke bayan kasuwa a Chiayi, da wuya ka sami wanda bai taɓa karya kumallo da suyar Pan A-chu ba. Shekara arba'in da 'yan kai tana tsaye a ƙofar gidanta, tana jefa yutiyau, wato dogon ƙullin fulawa mai kama da fanke, cikin mai, tana zuba wa mutane madarar waken suya mai tururi. Ni kuma ina gidan da ke manne da nata, ina taka keken ɗinki. Bango ɗaya ya raba mu. In ta yi tari ina ji, in na fasa kwano takan ɗaga murya ta ce, "Su-lan, saura nawa a kwandon?"

Gajera ce, kakkaura, hannuwanta duk tabon ƙunar mai. Mijinta direban bas ne. Ciwon hanta ya ɗauke shi tana da shekara talatin, ya bar mata yaro ɗaya, Wen-te, da tsohon gidan katako da ake tara kwanoni a cikinsa duk lokacin ruwa. A lokacin a bakin kasuwa take suya, a ƙarƙashin laima.

Tana da yaya guda, Chin-fa, wanda ya ba ta shekara goma sha biyu. Shi ne maginin unguwar, kowa Baba Magini yake ce masa. Shi ya rushe gidan katakon, ya ɗora mata bene hawa uku na kankare, shago a ƙasa, ɗakuna a sama, kuma bai karɓi ladan hannunsa ba. Wannan labari duk wanda ya zauna a bencin A-chu ya ji shi har ya haddace. Kullum yutiyau biyu na farko da suka fito daga kasko na Yaya ne, ko wa ke jira. A waɗannan shekarun gida tara ya gina a layinmu, har da nawa.

Da A-chu ta haura saba'in, gwiwoyinta suka ƙi matakala. Sai Wen-te ya dawo daga Taipei da matarsa, ya ce a rushe bangon da ke tsakanin shago da sito, a fitar mata da ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa.

"To, sai in gaya wa Yaya ya turo mana mutane," in ji ta.

"Mama, Kawu shekararsa tamanin da huɗu. Kuma yanzu ba a taɓa bango sai da zane, da hatimin mai zanen gini, da izinin hukuma."

"Zane? Gidan nan a bayan kwalin sigari aka zana shi."

Duk da haka ta yarda, da sharaɗin ita za ta zaɓi wanda za a ba aikin. Wen-te ya kawo mutum uku, ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya zo da takalmi mai sheƙi, aka miƙa masa yutiyau ya ce ba ya cin abin mai. Bai gama buɗe jakarsa ba ta sallame shi. Na biyu ya ce teburin da take kunna wa mijinta turare ya tare hanya, sai a matsar da shi bayan ƙofa. Shi ma ya bi sahun na farko. Ta ukun wata siririyar mace ce, Yeh Hui-ju, ba ta kai arba'in ba. Ta ci yutiyau uku, ta nemi ƙarin madara, sannan ta tambayi A-chu ta wane gefe take saukowa daga gado da safe, kuma wace gwiwar ce ta fi ciwo. A-chu ta leƙo ta tagata ta ce, "Wannan tana da kai."

Kwana biyu Hui-ju tana awo. A rana ta uku na gan ta tsaye gaban babban ginshiƙin da ke tsakiyar shagon, tana bin wata 'yar tsaga da yatsa. Ta ƙwanƙwasa shi a ƙasa, ta ƙwanƙwasa a sama, ta kara kunnenta.

"Inna," ta ce, "ba zan taɓa bangon nan ba sai injiniya ya duba ginshiƙan."

"Me ya sami ginshiƙan?"

"Wataƙila ba komai. Amma hawa biyu ne a kansu, ni kuma ban san abin da ke cikinsu ba."

"Ni na sani. Yayana ne ya zuba su. Babbar girgizar ƙasar nan da ta kwantar da gidaje a gari, nan ko tayil bai ɓalle ba."

"Na yarda, Inna. A bar shi ya duba, hankalin kowa ya kwanta."

A-chu ta yi kwana uku tana mita, tana cewa masu karatun yanzu in mutum ɗaya ya shigo sai ya jawo ɗan'uwansa. Wen-te ne ya lallashe ta.

Injiniya Tu ya zo ranar Talata da hantsi, bayan masu karin kumallo sun watse. Dattijo ne mai sanƙo, ba ya son magana. Na ajiye ɗinkina na shigo kallo. Ya goga wata na'ura a jikin ginshiƙin, ya tsaya, ya sake gogawa. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi shi da bugu daga ƙasa. A ƙasa ƙarar a dunƙule take. Da ya kai daidai ƙirjinsa sai ta sauya, ta koma kamar ana bugun tulun da ba ruwa. Ya dubi Hui-ju, ita ma ta dube shi.

Ya sa aka kafa sandunan ƙarfe huɗu suka tokare rufin, sannan ya ɗauko injin huda. Bakin injin bai shige tsawon yatsa biyu ba sai ya zurma gaba ɗaya, har Injiniya Tu ya yi taga-taga. Ya kashe injin. Ya faɗaɗa ramin a hankali, ya haska tocila, ya daɗe yana leƙe. Sai ya zura filaya ya jawo wani yankin ƙarfe mai tsatsa, faɗinsa kamar tafin hannu biyu.

"Mene ne wannan?" in ji Wen-te.

"Garwar mai ce," in ji Injiniya Tu. "Akwai wata a samanta, akwai wata a ƙasanta. A jere suke kamar an ɗora akwatuna. Kankaren ɓawo ne kawai. Rodin ma huɗu na gani, inda ya kamata a ce takwas ne."

A-chu ta miƙa hannu, ya ba ta. Ta goge tsatsar da gefen rigar aikinta. A jikin ƙarfen akwai jan fenti da ya koɗe, harafi ɗaya, na sunanta. Ni ma na gane shi. Tun tana suya a bakin kasuwa haka take yi wa kowace garwa alama, don kada ta cakuɗe da na sauran masu suya.

Ta daɗe tana kallon harafin. Can ta ce, a hankali, "Ya ce masu sayen ƙarfe yake kai wa."

"Wa?" in ji Hui-ju.

"Yaya. Duk Asabar yakan zo ya kwashe. Ni nake wanke masa su ma, don kada mai ya ɓata masa mota."

Na jawo mata kujera ta zauna. Ni kaina ban san lokacin da na ɗaga kai ina kallon rufin ba, ina tuna cewa hannun da ya zuba wannan shi ya zuba nawa.

Injiniya Tu mutum ne mai adalci. Ya ce a zamanin da, wasu magina sukan sa garwa a wuraren ado, kamar bakin baranda, don rage nauyi, kuma a can ba ta cutar da kowa. Amma wannan ginshiƙi ne mai ɗauke da gida. Kafin azahar ya duba sauran biyar, ya sami ɗaya irinsa a bayan sito. Wen-te ya tambaye shi yadda aka yi gidan ya tsallake girgizar ƙasa. Ya ce gidajen gefe sun matse shi, girgizar kuma ba ta zo masa ta inda yake da rauni ba. Ya ƙara da cewa shi ba zai bar iyalinsa su sake kwana a ciki ba.

Da la'asar A-chu ta naɗe yankin garwar a jarida, ta ce in raka ta. Gidan Baba Magini yana ƙarshen layi. Mun same shi a tsakar gida yana ba shuke-shukensa ruwa. Ya yi murna da ganinmu, ya zuba shayi. Ta warware jaridar ta ajiye ƙarfen tsakanin kofuna.

"Yaya, ka san wannan?"

Ya sa tabarau, ya juya shi, ya ajiye. "Rubutunki ne."

"Na san rubutuna. A ina ka sa ta?"

"Wa ya fasa mini gini?"

"Ni na sa a fasa. A ina ka sa ta, Yaya?"

Ya ɗauki kofinsa. "Shekarar nan siminti ya yi wuya," ya ce. "Abin da ke hannunki bai wuce na hawa biyu ba. Kika ce uku kike so, saboda in Wen-te ya yi aure. Ko wata shida mijinki bai yi a ƙasa ba. Da wane baki zan ce miki ba zai yiwu ba?"

"Da bakin da ka ce mini masu sayen ƙarfe kake kai wa."

"Ya tsaya ko bai tsaya ba? Shekara arba'in."

"Shekara ashirin Wen-te yana kwana a saman garwa. Washegarin girgizar nan kai ka fara zuwa gidana. Na gan ka kana shafa ginshiƙin nan, fuskarka ba jini. Na ce Yaya ya damu da ni. Har kuka na yi."

"Na damu da ke."

"Ka gyara?"

Ya ajiye kofin.

"To ni a lokacin makoki nake yi," in ji ta. "Su-lan fa? Ita ma mijinta ne ya mutu?"

Ya dube ni, ya kawar da kai. Mutumin nan shi ya riƙe ɗana na fari ranar da aka yi masa bikin cika wata.

"Gida nawa, Yaya?"

"Ban ƙirga ba."

Ta waiga ta kalli ginshiƙan barandarsa, farare, masu kauri. "Naka fa?"

Ya cire tabarau, ya ajiye a gefen ƙarfen.

"Nawa babu," ya ce.

A-chu ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna tana kallonsa baki buɗe, kamar wani baƙo ne ya shigo ya zauna a kujerar yayanta. Daga baya ta naɗe ƙarfenta, ta tashi. A hanya sau biyu tana tsayawa ta dafa bango.

A-chu da su Wen-te suka koma masauki a kusa da tasha. Ni kuma na kwashe 'yan kayana na tafi gidan 'yata. Ba zan ɓoye ba, haushin A-chu nake ji, kamar ita ta zuba garewanin. Da ba ta nemi ɗaki a ƙasa ba, da ina nan ina ɗinkina ban san komai ba.

Washegari Wen-te ya ce a gyara nasu a yi shiru. Kawu ya tsufa, ba a san abin da mutane za su yi masa ba, kuma shi da A-chu suna ɗaya suke amsawa. Hui-ju ta ce na gidansu dole ta rubuta a takardar neman izini, na sauran gidaje kuwa ba ta da hurumin shiga sai masu su sun kira. Sannan ta ce, "Amma Inna, na ga yara suna shiga gida na huɗu da jakunkuna."

Gidan Hsiao mai kantin magani ke nan. 'Yarsa tana koyar da darasin yamma a hawa na biyu, yara sun fi ashirin.

A-chu ta sa yankin garwar a jakar cefane, ta fara daga gidan farko. Ina kallonta daga ƙofata, don na dawo ɗaukar zare. Tana ƙwanƙwasawa, a buɗe, ta fito da ƙarfen, ta faɗi abin da ya faru ba ragi, ta miƙa katin Injiniya Tu. Tsohuwar gida na biyu ta zauna a dakali tana kuka. Na gida na uku ya yi dariya, ya ce tsufa ya fara taɓa ta. Hsiao kuwa, wanda ya riga ya sami mai sayen gidansa, ya fito har titi.

"Inna A-chu, kin san abin da kika yi mini? Wa zai sayi gida a layin nan yanzu?"

"Ka sallami yaran tukuna, sai ka zage ni."

"Ku kuka gina, ku kuka ci riba, yanzu kuma ku za ku zo kuna yi mana wa'azi?"

"Garwata ce, ni na wanke ta da hannuna. Ka sallami yaran."

Ya buga ƙofa. Amma ran nan ba a yi darasi ba.

Da ta iso ƙofata sai ta tsaya, ta rasa ta inda za ta fara. Na ce, "Ke, ina wurin. Ba ni katin." Na karɓi jakar daga hannunta, muka ƙarasa sauran gidajen tare.

Mai unguwa ya shiga maganar, aka sa ranar da Injiniya Tu zai fara bin gidajen. Ran nan da safe mutane sun cika layi, kowa a ƙofarsa. Injiniya yana sauke kayansa sai ga Baba Magini ya fito daga ƙarshen layi, sanda a hannu ɗaya, alli a ɗayan. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki. Surutu ya mutu.

Bai gai da kowa ba. Ya wuce gidan farko. A na biyu ya nuna bakin baranda da sanda, ya ce, "Can kawai." Ya wuce na uku. A gidan Hsiao ya shiga har ciki, ya tsaya gaban ginshiƙin da ke bayan kanta, ya zana masa gicciye da alli, ya wuce na gindin matakala ya zana wani, ya zana na uku a bayan gida. Matar Hsiao ta toshe bakinta da hannu biyu. A gidana ya nuna baranda, ya ce, "Ginshiƙanki cike suke, Su-lan," ba tare da ya dube ni ba. Haka ya bi gida tara. Da ya kai ƙarshe muka ɗauka ya gama, sai ya karya kwana ya shiga layin masu gyaran babur, ya zana wa wasu gidaje biyu da ba wanda ya san shi ya gina su.

Mutumin da ya ce bai ƙirga ba, ashe kowace garwa tana kansa. Mako biyu Injiniya Tu yana hudawa. Duk inda alli ya taɓa an sami garwa, inda bai taɓa ba kuma ba a samu ba, ko sau ɗaya. Injiniyan ya cire hularsa ya share sanƙo, ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin haka ba, kuma bai san ko ya jinjina wa tsohon ko ya tofa masa yawu ba.

Aikin gidan A-chu ya ci wata bakwai. An tokare benen, an fasa ginshiƙan biyu, an sake zuba su da rodi, an yi wa sauran rigar ƙarfe. Bangon da aka so rushewa bai rushe ba. Hui-ju ta sake zane sau huɗu kafin ta fitar da ɗaki a cikin siton, ƙarami, amma gado ya shiga, taga kuma tana kallon gabas. Duk tsawon lokacin A-chu a bakin kasuwa take suya, tana zaune a doguwar kujera saboda gwiwa. Wasu tsofaffin masu saye sun ɗauke ƙafa. Hsiao har yau in ya hango ta sai ya tsallaka titi, ko da yake 'yarsa takan zo ta saya.

Baba Magini ya sayar da gidansa, abin da aka samu ya tafi a gyaran na Hsiao da na layin masu babur. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi Taichung. Ranar da motar ta tashi A-chu tana kasuwa, ba ta zo sallama ba. Shekara guda cur ko sunansa ba ta ambata ba, ni ma ban ɗauko ba.

Sai a farkon bazarar bana, wata Litinin, na ga shagon a rufe. Wen-te ya ce ta hau jirgin ƙasa na safe, ita kaɗai, ta hana a raka ta. Da yamma ta dawo, ta shigo wurina ta zauna a kan tarin yadi, tana murza gwiwa.

"Kin gan shi?" na ce.

"Na gan shi. Ya rame."

"Me kuka ce?"

"Haƙora aka yi masa sababbi, suna cin dasashinsa. A kansu muka wuni."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ya tambaya ko kina da rai, na ce kina nan kina ɓata wa mutane yadi." Ta miƙa ƙafa. "Ɗora mana ruwan zafi, Su-lan. Shayin 'yarsa kamar ruwan wanki."